Joseph Paxton: Mai lambun da ya fid da hukumomin Birtaniya kunya da darasin ganyen bado

A watan Nuwamba na 1849, lokacin da hunturu ya fara kankama a lardin Derbyshire na ƙasar Ingila, an ɗauki wata yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Annie aka tsayar da ita a kan wani ganye da ke shimfiɗe bisa ruwa a cikin ɗakin gilashi. Sai da aka fara aza wani abu mai faɗi mara nauyi a kan ganyen don kada ƙafarta ta huda shi. Ganyen bai nutse ba, bai kuma tsage ba. Ranar 17 ga watan, jaridar Illustrated London News ta buga zanen yarinyar tana tsaye a tsakiyar ganyen, manya kuma sun kewaye ruwan suna kallo.

Ganyen na wani ƙaton bado ne da ke fitowa a kogunan Kudancin Amurka, dangin badon da aka sani a tafkuna da fadamun ƙasar Hausa, sai dai shi faɗin ganyensa guda yakan kusanci mita uku. Mahaifin yarinyar, Joseph Paxton, shi ne shugaban masu aikin lambu a gidan sarautar Chatsworth, kuma a ƙarƙashin kulawarsa ne wannan tsiro ya fara yin fure a Ingila. Ba a cika shekara biyu ba, sai ga mutumin nan da bai taɓa shiga makarantar koyon gini ko injiniyanci ba ya tsara ginin gilashi mafi girma da duniya ta gani zuwa lokacin, bayan kwamitin ƙwararru ya yi ta fama ya kasa.

Sau da yawa akan ba da labarinsa tamkar na mutumin da ya kalli ganye sau ɗaya, basira ta faɗo masa daga sama. Tarihinsa ya nuna wani abu dabam. Kafin wannan rana ya shafe fiye da shekara ashirin yana neman amsar tambaya guda: yaya za a raya tsiron ƙasar zafi a ƙasar da rana ke ƙaranci, ruwa kuma ke daskarewa? Duk abin da ya cim ma daga baya, daga wannan tambaya ya samo asali.

Daga gona zuwa Chiswick

An haifi Paxton ranar 3 ga Agusta, 1803, a ƙauyen Milton Bryan da ke lardin Bedfordshire, a gidan manoma marasa ƙarfi masu 'ya'ya da yawa. Mahaifinsa ya rasu yana yaro ƙarami. Yana da kimanin shekara 15 ya shiga aikin lambu a matsayin yaron aike a gidan wani mai hali a Battlesden, kusa da ƙauyensu. A can ya koyi haƙa, da dashe, da aure tsakanin itatuwa, da sanin lokacin da ya dace a yi kowane aiki.

A 1823 ya nemi shiga lambun gwaji na Ƙungiyar Masana Lambu ta Landan da ke Chiswick. A rajistar shiga ya rubuta cewa a 1801 aka haife shi, wato ya ƙara wa kansa shekara biyu, abin da ya sa littattafai da dama suka daɗe suna kuskuren shekarar haihuwarsa. Chiswick a lokacin ita ce matattarar sababbin tsirrai da jiragen ruwa ke kawowa daga Sin da Indiya da nahiyar Amurka, akwai kuma ɗakin karatu da aka bar wa ma'aikata su yi amfani da shi. Paxton ya ci moriyar duka biyun.

Filin lambun na haya ne daga William Cavendish, mutum na shida da ya riƙe sarautar Duke ta Devonshire, ɗaya daga cikin mafiya arzikin Ingila. Gidansa na Chiswick yana maƙwabtaka da lambun, akwai kuma ƙofa tsakaninsu. Basaraken yakan shigo ya zagaya, yakan kuma tarar da wani saurayi mai kuzari da ke amsa tambayoyinsa dalla-dalla. A 1826 ya ba shi shugabancin lambun babban gidansa na Chatsworth, alhali bai cika shekara 23 ba.

Paxton ya isa Chatsworth ranar 9 ga Mayu, da ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Bai tarar da kowa a farke ba, sai ya haura katanga ya zagaya lambun ya ga halin da yake ciki. Da ƙarfe shida ya raba wa ma'aikata aiki. Daga nan ya je karin kumallo wurin matar da ke kula da harkokin gidan, inda ya haɗu da wata 'yar danginta mai suna Sarah Bown. A 1827 suka yi aure.

Raya zafi a ƙasar sanyi

Zamanin da Paxton ya kama aiki zamani ne da manyan Ingila ke gasar mallakar tsirran ƙasashen zafi. Kamar yadda ake auna darajar basarake da dawakansa, haka ake auna tasu da irin furen da ya buɗe a gidajensu kafin na kowa. Matsalar ita ce ɗakunan rainon tsirrai na wancan lokaci duhu gare su: katako mai kauri, gilashi ƙanana masu tsada saboda harajin da gwamnati ta ɗora masa, ga hayaƙin murhu da ke kashe abin da ake son rayawa.

Paxton ya ɗauki wata shawara da marubucin harkar lambu John Claudius Loudon ya taɓa kawowa, ya mayar da ita aiki. Maimakon rufi mai gangare ɗaya, sai ya riƙa yin rufin gilashi mai tudu da kwari a jere, kamar kunyoyin gona. Hikimar ita ce hasken safe da na yamma, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa, yana ratsa gilashin kai tsaye, zafin tsakar rana kuma yana sauka a karkace. Ya ƙirƙiro indararon katako da ke kwance a kowane kwari, mai babbar hanya a sama don ruwan sama, da ƙananan hanyoyi biyu a gefe don tara gumin da ke taruwa a cikin gilashi. Ya kuma ƙera injin da ke aiki da tururi don fere sandunan da ke riƙe gilashi, dubbai iri ɗaya, abin da ya rage kuɗin aiki sosai.

Da waɗannan dabaru aka gina Babban Ɗakin Tsirrai na Chatsworth tsakanin 1836 da 1840, tare da gudummawar mai zanen gine-gine Decimus Burton. Tsawonsa mita 84, faɗinsa mita 37, tsayinsa kusan mita 20, kuma babu ginin gilashi da ya kai shi girma a duniya a lokacin. Manyan tukwanen tafasa ruwa takwas da ke ƙarƙashin ƙasa ne ke tura ruwan zafi cikin bututun ƙarfe mai tsawon kusan kilomita 11. Ta ramin ƙarƙashin ƙasa ake shigo da kwal, hayaƙi kuma a kai shi can cikin kurmi, don kada baƙo ya ga wahalar da ke bayan ƙawar. A ciki akwai dabino da danginsa, da rake, da ayaba, da tafkunan tsirran ruwa, da hanya a tsakiya wadda keken doki ke iya bi. A Disambar 1843 Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert sun ratsa ta wannan hanya da dare, an kunna dubban fitilu.

Aikin hadimin babban mutum yakan haɗa da shirin da ba a ci moriyarsa ba. A 1844 aka sa ran Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya zai ziyarci Chatsworth. Basaraken ya so ya nuna masa maɓulɓular ruwa da ta fi tasa ta fadar Peterhof. Cikin wata shida Paxton ya sa aka haƙa tafki a kan tudun da ke bayan gidan, ana aiki har dare da hasken wuta, aka jawo ruwan ta bututu har ya riƙa feshi sama kusan mita 90 da ƙarfin gangara kawai. Sarkin ya zo Ingila, amma bai taka Chatsworth ba. Maɓulɓular tana aiki har yau.

Ayaba, okid da rayukan da aka rasa

Cikin tsirran da Paxton ya raina don ƙawa, wanda ya fi shafar rayuwar mutanen duniya shi ne wata gajeriyar ayaba da asalinta daga kudancin Sin ne, ta biyo ta tsibirin Mauritius ta iso Ingila. Ta yi fure a Chatsworth a 1835, ta ba da 'ya'ya a shekarar da ta biyo, aka kuma sa mata sunan gidan ubangidansa, Cavendish. A 1838 wani mai wa'azin Kirista, John Williams, ya tafi da dashenta zuwa tsibiran Samoa. Bayan fiye da shekara ɗari, lokacin da wata cutar ƙasa mai suna cutar Panama ta lalata gonakin ayabar Gros Michel a shekarun 1950, sai manyan kamfanoni suka koma ga dangin Cavendish domin ta jure wa cutar. Ita ce a yau kusan dukkan ayabar da ake fataucinta tsakanin ƙasashe, har da wadda Kamaru da Gana da Kwaddebuwa ke aikawa Turai. Wani sabon nau'in cutar yanzu yana yi mata barazana, domin kowace bishiya kwafin 'yar'uwarta ce, abin da ya kama ɗaya zai iya kama duka.

Basaraken ya fi ƙaunar furannin okid, waɗanda da yawansu ke maƙale a jikin itatuwan kurmi ba tare da sun taɓa ƙasa ba. A 1835 aka tura wani matashin ma'aikacin lambun, John Gibson, zuwa Indiya. Ya dawo a 1837 da tarin okid daga tsaunukan Khasi, da kuma abin da aka fi aikensa nema, wato dashen bishiyar Amherstia ta ƙasar Bama mai jajayen furanni masu reto. An gina mata wuri na musamman, aka yi ta lallashinta shekara da shekaru, ta ƙi fure. A 1849 wata mata mai lambu a Ealing, Louisa Lawrence, ta riga Chatsworth samun furenta.

Akwai asarar da ta fi wannan ciwo. A 1838 Paxton ya haɗa kuɗi daga masu sha'awa ya tura wasu ma'aikatansa biyu, Robert Wallace da Peter Banks, zuwa yammacin Arewacin Amurka neman irin itatuwa. A watan Oktoba na wannan shekara kwalekwalensu ya kife a kogin Columbia, dukansu suka nutse. Shi ya zaɓe su, shi ya tsara tafiyar, kuma abin ya dame shi ƙwarai. Ƙawar da baƙi ke sha'awa a Chatsworth tana da farashin da ba a rubuta shi a jikin tukwanen fure: rayukan masu nema, da gumin mutanen ƙasashen da aka kwaso tsirran waɗanda suka nuna hanya suka ɗauki kaya, ba a ko adana sunayen mafi yawansu ba.

A wannan shekara ta 1838 gwamnati ta sa shi cikin kwamitin mutum uku, ƙarƙashin masanin tsirrai John Lindley, don duba lambunan gidan sarauta, ciki har da na Kew wanda ya lalace har ana tunanin watsar da shi. Rahoton ya ba da shawarar a mayar da shi lambun ƙasa na kimiyya da zai riƙa haɗa kan lambunan ƙasashen da Birtaniya ke mulka. A 1840 aka miƙa Kew ga gwamnati. Daga wannan tsari ne daga baya aka samu tashar tsirrai ta Legas a 1887 da lambun Aburi na Gana a 1890.

Badon Amazon

Turawa masu yawon bincike sun ga ƙaton badon tun farkon ƙarni na 19, amma labarinsa ya cika Ingila ne bayan Robert Schomburgk ya ci karo da shi a kogin Berbice na Guyana ranar 1 ga Janairu, 1837, lokacin da yake aikin auna ƙasar. Lindley ya sa masa suna Victoria regia don girmama sabuwar sarauniya. A yau ana kiransa Victoria amazonica. Shekara goma sha biyu ana ƙoƙarin raya shi a Ingila abin ya faskara: ko irin ya bushe a hanya, ko ya ruɓe, ko ya tsiro hunturu ya kashe shi. Sai a farkon 1849 aka kawo iri a cikin kwalaben ruwa mai tsabta, ya tsiro a Kew.

Ranar 3 ga Agusta, 1849, ranar da ya cika shekara 46, Paxton ya karɓi dashe guda daga Kew ya hau jirgin ƙasa da shi. Ganyensa mafi girma bai wuce tafin hannu da kaɗan ba. A Chatsworth ya riga ya shirya masa kwarmin ruwa da bututun zafi ke ratsawa, ruwan yana kusan digiri 30 a ma'aunin Selshiyos, da tulin ƙasa mai taki a tsakiya. Ya ƙara wani abu da wasu ba su yi tunaninsa ba: ƙaramar ƙafar juya ruwa wadda ke motsa shi a hankali dare da rana, domin tsiron kogi ne, bai saba da ruwan da ke kwance ba. Kulawar yau da kullum tana hannun wani matashi Bajamushe, Eduard Ortgies, wanda sau da yawa ake mantawa da shi idan ana ba da labarin.

Cikin wata biyu faɗin ganyen ya haura mita ɗaya, har sai da aka faɗaɗa kwarmin. A farkon Nuwamba fure na farko ya buɗe. Paxton ya ɗauki fure da ganye ya kai wa Sarauniya a fadar Windsor.

Furen kwana biyu kawai yake yi. A daren farko yakan buɗe fari fat, yana ƙamshi irin na abarba, cikinsa kuma ya fi iskar waje ɗumi. A kogunan ƙasarsa wannan ƙamshi da ɗumi ne ke jawo wasu ƙwari dangin buzuzu. Da gari ya waye furen yakan rufe da su a ciki. A dare na biyu ya sake buɗewa, launinsa ya koma ruwan hoda, ya saki ƙwarin jikinsu duk garin fure, su tashi su nemi wani farin furen. Daga nan ya nutse ƙarƙashin ruwa ya yi iri.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin Paxton yana ƙarƙashin ganyen. Idan aka kifa shi, za a ga manyan jijiyoyi masu ƙaya sun fito daga tsakiya sun bazu zuwa gefe, ƙananan jijiyoyi kuma sun gitta tsakaninsu sun ɗaure su, kamar yadda ake jera azara a rufin soro. Fatar ganyen siririya ce, amma wannan ƙashi mara nauyi shi ke ɗauke da ita. Da badon ya fi ƙarfin wurinsa, Paxton ya gina masa sabon ɗaki wanda aka gama a 1850: siraran ginshiƙan ƙarfe masu rami a ciki da ke zubar da ruwan sama, sandunan ƙarfe a gicciye, rufin kunya-kunya a shimfiɗe a kansu, bango kuma duk gilashi.

Lokacin da kwamiti ya cije

A Janairun 1850 aka kafa hukuma ƙarƙashin Yarima Albert don shirya baje kolin masana'antun duniya a filin Hyde Park na Landan, aka kuma tsayar da ranar 1 ga Mayu, 1851, don buɗewa. Kwamitin gini ya ƙunshi manyan injiniyoyi irin su Isambard Kingdom Brunel da Robert Stephenson, da Charles Barry wanda ya zana ginin majalisar dokoki. Sun buɗe gasa, aka aiko da zane 245, suka ƙi duka, suka fito da nasu: doguwar rumfar tubali mai ƙatuwar ƙubbar ƙarfe. Jaridu suka yi masa ca. Zai ci miliyoyin tubala, da wuya ya bushe kafin ranar buɗewa, kuma rushe shi bayan taro zai zama wani aikin. A majalisa ana ta kiran a kori baje kolin daga filin baki ɗaya. Martabar mijin Sarauniya tana cikin haɗari.

Paxton a lokacin yana cikin daraktocin kamfanin jirgin ƙasa na Midland. Ranar 11 ga Yuni, 1850, yana zaune a wani taron kamfanin a garin Derby, ya zana siffar ginin a kan takardar shanye tawada da ke gabansa. Takardar tana nan a gidan tarihi na Victoria da Albert. Cikin kwana tara zuwa goma shi da ma'aikatan ofishinsa na Chatsworth suka fitar da cikakken tsari. Ainihinsa ɗakin bado ne aka maimaita shi sau ɗaruruwa.

Lokacin gasa ya riga ya wuce, kwamiti kuma yana jan ƙafa. Paxton ya nuna wa Stephenson zanen a cikin jirgin ƙasa ya samu goyon bayansa, ya gana da Yarima Albert, sannan ya yi abin da ya tsallake ƙa'idar aiki: ya ba Illustrated London News zanen, ta buga ranar 6 ga Yuli. Jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu. Kafin watan ya ƙare hukuma ta amince, aka ba kamfanin Fox da Henderson kwangila.

Abin da ya sa tsarin ya yiwu shi ne kowane sashe girmansa ɗaya da ɗan'uwansa, ana ƙera shi a masana'anta a kawo shi a ɗaura. An soke harajin gilashi tun 1845, kamfanin Chance da ke kusa da Birmingham kuma ya samar da gilashi kusan 300,000 masu awo ɗaya. An kafa ginshiƙi na farko ranar 26 ga Satumba. Ma'aikata kimanin 2,000 ne ke aiki a lokacin da abin ya kankama, masu sa gilashi suna zaune cikin ƙananan kekuna da ke gudu a kan indararon rufin. Don kada a sare wasu manyan itatuwa da jama'a suka hana a taɓa, aka ɗaga tsakiyar ginin da rufi mai baka har mita 33, itatuwan suka kasance a ciki. Tsawon ginin mita 563 ne. Mujallar barkwanci ta Punch ce ta laƙaba masa suna Crystal Palace, wato fadar gilashi mai ƙyalli.

Masu shakka ba su yi shiru ba. Babban masanin taurari na gwamnati, George Airy, ya yi hasashen iska za ta kayar da shi. Aka sa sojoji suka yi ta tattaki a kan samfurin benen don gwada ƙarfinsa, bai motsa ba. A Nuwambar 1850 Paxton ya gabatar da lacca a Ƙungiyar Fasaha ta Landan, ya ɗaga ganyen badon ya nuna wa mahalarta jijiyoyinsa a matsayin misalin tsarin da ya bi. Daga nan labarin ganye ya samo tushe. Sai dai rufin kunya-kunya da indararo da injin fere sanduna duk sun girmi zuwan badon da fiye da shekara goma. Ganyen ya tabbatar masa da abin da hannunsa ya riga ya koya, ya kuma ba shi hanyar bayyana shi ga waɗanda ba su taɓa aikin lambu ba.

An buɗe baje kolin a ranar da aka tsayar. Zuwa Oktoba an shiga sau fiye da miliyan shida, aka samu ribar fam 186,000, wadda da ita aka sayi filin South Kensington inda manyan gidajen tarihin Landan suke a yau. Sarauniya ta ba Paxton lambar girma ta Sir, tare da ɗan kwangila Charles Fox da injiniya William Cubitt, aka kuma ba shi kyautar fam 5,000.

Ɗaukaka da abin da ta ci

Paxton bai taɓa tsayawa kan aiki ɗaya ba. Ya kafa mujallun lambu tun 1831, yana cikin waɗanda suka kafa Gardeners' Chronicle a 1841 da jaridar Daily News a 1846, wadda marubuci Charles Dickens ya fara yi wa edita. Ya tsara filin shaƙatawa na Birkenhead da aka buɗe a 1847, wanda aka gina da kuɗin jama'a don kowa da kowa. Ba'amurke Frederick Law Olmsted ya ziyarce shi a 1850, abin da ya gani kuma ya yi tasiri a tsarin Central Park na birnin New York. Ya zana wa iyalin Rothschild manyan gidaje a Mentmore da kuma Ferrières a Faransa. Daga 1854 ya wakilci Coventry a majalisar dokoki.

Wadda ta ɗauki nauyin wannan yawan harka ita ce Sarah. Yayin da mijinta ke Landan ko yake rakiyar ubangidansa zuwa Italiya da Girka da Istanbul na tsawon watanni, ita ke riƙe da littattafan kuɗi, ita ke biyan ma'aikata, ita ke isar da umarninsa a lambun. Wasiƙun da suka bari suna nuna macen da ta iya lissafi, wadda kuma kaɗaici ya dama. Ɗansu William ya rasu yana ƙarami, ɗayan kuma, George, ya zame musu abin baƙin ciki saboda halinsa.

Bayan baje kolin an kwance ginin aka sake kafa shi, ya fi na da girma, a tudun Sydenham da ke kudancin Landan, aka buɗe shi a Yunin 1854. Paxton ya cika shi da dabino da tsirran ƙasashen zafi, ya kewaye shi da maɓulɓulan ruwa masu cin kuɗi. Kashe kuɗin ya haura fam miliyan ɗaya, kamfanin da ya mallake shi kuma bai taɓa samun sauƙin bashi ba. Mutumin da ya yi suna wajen rage tsadar gini ya nuna cewa shi ma, idan babu mai taka masa burki, yana iya wuce gona da iri.

Ubangidansa ya rasu a Janairun 1858, bayan shekara 32 suna tare, dangantakar da ta tashi daga ta maigida da bara ta koma abota. Paxton ya ajiye aikin Chatsworth. Lafiyarsa ta yi ta raguwa saboda yawan aiki, ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1865, a gidansa na Rockhills da ke Sydenham, yana da shekara 61. An binne shi a maƙabartar Edensor, ƙauyen da shi da kansa ya taimaka aka sake ginawa, a wurin da aka binne basaraken. Sarah ta rasu a 1871.

Manyan gine-ginensa na gilashi ba su daɗe ba. A ƙarshen 1866 gobara ta cinye sashen tsirran ƙasashen zafi na Sydenham. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka rasa kwal da ma'aikatan da za su riƙa hura wutar Babban Ɗakin Tsirrai na Chatsworth, sanyi ya shiga, tsirran suka mutu, a 1920 aka rushe shi da nakiya. Ranar 30 ga Nuwamba, 1936, wuta ta lashe Crystal Palace ɗungurungum cikin dare ɗaya. Sunan ya rage a kan unguwar, da kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa da aka kafa a 1905 wadda ta fara wasa a filin fadar.

Dabararsa ta ƙera sassan gini iri ɗaya a masana'anta a harhaɗa su a fili ta zama ruwan dare a tashoshin jiragen ƙasa da manyan kasuwanni da filayen jiragen sama. A Chatsworth kuwa, harsashin dutsen babban ɗakin yana nan, an dasa shingen itatuwa mai ruɗa hanya a cikinsa. A wani ɗakin gilashi na zamani da ke kusa, masu lambun gidan suna ci gaba da rainon ayabar Cavendish, suna kuma shuka ƙaton badon a ruwan ɗumi.